Hagun Gwaggo Berit

Korsnes, 4 ga Nuwamba

Zuwa ga Turid, 'yar Sigrun,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da mijinki Rolf, ina kuma fatan aikin jinyar tsofaffi bai gajiyar da ke fiye da kima ba. Ni dai lafiya lau nake, in ban da gwiwa, wadda ke sanar da ni zuwan dusar ƙanƙara kafin masu hasashen yanayi su buɗe baki.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna, domin rabona da ke tun jana'izar matata Dagny. Amma ni da mahaifiyarki 'ya'yan wa da ƙanwa ne, saboda haka nake ganin ina da damar roƙonki abu guda, tun da ke ce kaɗai dangina a can arewa, kuma mijinki na da jirgin ruwa.

Kin san tun ina koyar da lissafi nake bin orka, manyan dabbobin teku masu baƙi da fari, a wannan mashigin teku namu, duk lokacin sanyi, idan kifin herin ya shigo su kuma suka biyo shi. A wancan zamani, in gari ya yi tsit da safe, kafin mutum ya hangi baƙaƙen fukafukan bayansu zai ji numfashinsu daga kan dutsen da ke bayan gidana. Kullum Dagny ce ke riga ni ji. Yanzu herin ya ƙaura wajenku, su ma sun bi shi, an bar ni da ruwa zalla.

Ga abin da ya kawo ni. Ƙungiyarmu ta masu lura da orka za ta sake buga kundinta, wanda ke ɗauke da hoto da lambar kowace dabba da muka sani, kuma za a rufe karɓar gyara a ƙarshen Fabrairu. Muna da doka cewa duk dabbar da ta shekara goma ba a sami tabbataccen hotonta ba, a sa ɗan gicciye gefen lambarta, wato ta mutu. Ni na rubuta dokar, na kuma ɓata da mutane a kanta. Bana ta faɗo kan lamba goma sha bakwai.

Tsohuwa ce, ita ce ta farko da na fara ganewa da idona. Ban yarda da raɗa wa dabbobin teku suna ba, amma Dagny ta kira ta Gwaggo Berit, sunan kakarki, domin a gefen baya na fiffikenta, kusa da sama, akwai wani giɓi mai kusurwa huɗu, irin wanda marigayiyar ke da shi a gaban baki. Na yi ƙorafi har na gaji, sunan ya zauna. Babban ɗanta, wanda bai taɓa rabuwa da ita ba, ruwa ya turo gawarsa gaɓa a shekarar da na yi mata gani na ƙarshe. Sauran gidanta, wato garken danginta da suke yawo tare, ba a sake jin labarinsu ba.

Ki karanta abin da zai biyo baya sau biyu. Giɓi shi kaɗai ba ya isa shaida. A bayan fiffiken kowace orka akwai wani fili ruwan toka da muke kira sirdi, kuma tabon da ke kan sirdin ne ke raba wannan da waccan. Nata layi biyu ne a jere, na uku ya gitta su a karkace. Sirdin hagu da na dama ba ɗaya ba ne, kamar yadda tafin hannuwanki biyu suka bambanta, shi ya sa tun farko muka yi yarjejeniya cewa gefen hagu kawai za a riƙa ɗauka. Duk hotunan da nake da su na hagu ne. Na haɗo miki da kwafin nata na ƙarshe. Idan kun fita kika ga mai kama da ita, ki sa a tsaya ta hagunta, ki ɗauki fiffike da sirdi tare, ki wanke hoton a takarda ki aiko. Ba na karɓar hoto ta waya.

Ki gai da Rolf.

Kawunki,
Hallvard

*

Skjervøy, wata Lahadi a Disamba

Kawu Hallvard,

Gaisuwa mai tarin yawa. Muna lafiya, sai dai Rolf da tarinsa, wanda ya ce iskar teku ce, ni kuma na ce taba ce. Ka yi haƙuri da jinkiri. Takardarka ta yi kwana da kwanaki a aljihun rigar ruwansa, sai da na zo wanki na ganta, duk tana ƙarnin kifi.

Wato duk shekarun nan kakata na yawo a teku tana cin ɗanyen herin, babu wanda ya gaya min? Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Da ta ji, da ta bi Dagny da ludayi.

To ga labari. Duk ranar da ba ni da aiki ina bin Rolf idan ya kwashi 'yan yawon buɗe ido. Ka san halin da muke ciki, rana ta daina fitowa, ɗan hasken da ake samu da tsakar rana bai wuce a sha kofi biyu ba. Orka kuwa ga su nan kamar kasuwa, musamman inda manyan jirage ke jan taru, ga ƙananan jirage sun yi musu zobe kowa na ihu da yarensa. Na yi ta duba fukafukai har idona ya fara ganin giɓi a jikin kujera.

Ranar Alhamis na ganta. Wani gida ne mai maza biyu manya da 'yan ƙanana, ita kuma tana can baya, ba ta cikinsu sosai, ba ta kuma rabu da su ba. Ga giɓin nan, kamar an cire da almakashi. Na ce, "Rolf, zagaya ta hagunta!"

Ya ce, "Hagunta ko haguna?"

Na ce, "Nata mana, kai kuma!"

Ya ce, "To ki ce mata ta tsaya in zagaya. Kakarki ce, ke za ta ji wa magana."

Kafin ya juya jirgin ta nutse, da ta sake tasowa kuma duhu ya rufe. Saboda haka hoton da na sa a ciki na dama ne. Na sani, na karanta sau biyu kamar yadda ka ce. Amma dubi giɓin, Kawu. Ita ce.

Da muka dawo gida ina ta mita, sai Rolf ya ce, "Ni ban ga abin tashin hankali ba. Ki juya hoton a kwamfuta, dama ta koma hagu, tsoho ya sami barci." Na jefe shi da jiƙaƙƙiyar safar hannu.

Saura magana ɗaya. Rubutunka ya yi girma, layukan kuma suna gangarowa kamar za su faɗa ruwa. Na tuna katin da ka aiko lokacin aurena, kamar da na'ura aka buga shi. Ni aikina ke nan, ba a ɓoye min irin wannan. Me likita ya ce game da idanunka? Kada ka sake ce min gwiwa.

Taka,
Turid

*

Korsnes, 15 ga Disamba

Zuwa ga Turid,

Bayan gaisuwa, na sami takardarki, na kuma yi farin ciki da jin kuna lafiya. Ki gaya wa Rolf ya ga likita a kan tarin. Zan so ki riƙa sa kwanan wata, domin "wata Lahadi" ba ta da amfani ga mai aje tarihi.

Na duba hoton da madubin ƙara girma, a gaban taga, kwana biyu a jere. Ba zan iya karɓarsa ba. Giɓin ya yi kama, ban musa ba. Amma a cikin kundinmu akwai mata uku masu giɓi a kusan wannan wuri, biyu daga cikinsu an gan su bara. Ban taɓa ɗaukar sirdin dama na lamba goma sha bakwai ba, don haka ba ni da abin da zan gwada naki da shi. Akwai kuma abin da ya fi damuna: kin ce tana bin bayan wani gida. Macen orka a gidan uwarta take rayuwa, a nan take mutuwa, da wuya ta bi baƙi. Ko dai ba ita ba ce, ko kuwa ita ce, nata sun ƙare kaf. Ban san wanne zan fi so ba.

Maganar da mijinki ya yi ta juya hoto ba ta ba ni dariya ba. Hoto ɗaya irin wannan ya isa ya ɓata aikin mutane da yawa, har da na waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Tun da kin tambaya kai tsaye, zan amsa kai tsaye. Tsakiyar ganina ce ke mutuwa, gefe yana nan. Idan na dubi fuskar mutum da idon hagu, ina ganin kunnuwansa da hularsa, amma inda hanci da idanu ya kamata su kasance sai wani hayaƙi. Na dama shi ke riƙe da ni, shi ma ya kamu, likita kuma ta ce kada in sa ran zai kai ni bazara a irin aikin da nake yi. Ban gaya wa kowa a ƙungiya ba. Yanzu kin san dalilin da ya sa na rubuta miki bana, ban jira wani ya ci karo da ita ba. Ina so in ga sirdin nan da idona, sau ɗaya, kafin a ɗauke fitilar.

Na mayar miki da hoton a cikin wannan ambulan. Hagu nake buƙata.

Ina yi muku fatan alherin Kirsimeti.

Kawunki,
Hallvard

*

Korsnes, 12 ga Janairu

Zuwa ga Turid,

Bayan gaisuwa da fatan kun shiga sabuwar shekara lafiya. Kirsimeti ta wuce, ban ji daga gare ki ba. Na ji an yi iska mai ƙarfi a wajenku, ina fatan ba abin da ya sami jirgin.

Maƙwabcina Jostein, tsohon masunci, shi ke ɗauko mini wasiƙu daga akwati yanzu saboda santsin hanya. Mutum ne da bai taɓa ƙaunar orka ba, ya ce sun yaga masa taru fiye da yadda duwatsu suka yaga. Jiya ya shigo hannu wofi, ya tarar da ni a bakin ƙofa, ya ce, "Malam, ka mayar wa mace hotonta kamar ka mayar wa ɗan aji uku littafinsa, sannan ka tsaya kana jira ta aiko maka da kek?"

Na ce masa al'adar aikinmu ce, hoton da bai cika sharaɗi ba ana mayar wa mai shi, domin dukiyarsa ce. Ya ce, "To al'adar mata kuma ita ce su yi shiru, sai ka aje wannan a kundinka."

Idan abin da ya faru ke nan, ina so ki sani ban yi don raini ba. Na san sanyin da kika sha.

Idon dama ya fara nuna mini sandar taga a lanƙwashe, alhali ni na kafa ta, na san a miƙe take. Herin kuma ba ya daɗewa bayan tsakiyar wannan wata. Ko layi ɗaya ne, ki rubuto.

Kawunki,
Hallvard

*

Skjervøy, 27 ga Janairu (ga kwanan watanka nan)

Kawu,

Muna gaishe ka. Jirgi lafiya, mu ma da sauƙi. Gaskiya Jostein ya faɗa, ka gaishe min da shi. Da na buɗe ambulan na ga hotona ya dawo, na wurga shi cikin aljihun tebur na ce ni da kifin nan har abada. Amma fushina bai wuce mako ba. Abin da ya riƙe ni shi ne mura ta shiga gidan tsofaffinmu, muka rasa mutum biyu, rabin ma'aikata suka kwanta, ni ma na kwanta. Da na tashi iska ta hana kowa fita. Kullum ina cewa bari in sami abin aikowa tukuna. Da na san haka idon ke gudu, da ban yi shiru ba.

Rana ta dawo mana. Amma herin ya janye, manyan jirage sun tafi, orka ma sai ɗai-ɗai. Na riga na fid da rai. Shekaranjiya Rolf ya tashi da safe ya buga wa baƙinsa waya ya ce inji ya lalace. Na ce, "Yaushe ya lalace?" Ya ce, "Yanzun nan. Sa rigarki, mu je neman tsohuwa, na gaji da ganin fuskarki haka."

Can cikin mashigi muka same su, inda ruwa ya kwanta. Gidan nan ne mai maza biyu, suna fita zuwa babban teku, sun ba ta rata mai yawa. Rolf ya wuce gabanta ya kashe inji, ya ce, "Ba zan kore ta ba. In tana so a ganta, ta zo." Muka zauna muna jira. Sai kawai na ji fuuu a gefena, har feshin ya taɓa min fuska, ga ƙarnin kifi. Ita da kanta ta taso, ta wuce a hankali, ta ba mu hagunta, rana na kan bayanta. Hannuna ya sandare don na cire safa, amma na danna.

Kawu, ta rame. Bayan kanta ya lotsa, kamar yadda wuyan tsofaffinmu ke yi idan sun daina cin abinci. Ban so gaya maka ba, amma kai ba ka son a rage maka komai.

Na aza hoton kusa da kwafin da ka aiko. Ina ganin layi biyun, ina ganin wanda ya gitta. Akwai wasu sababbin ƙarce a kansu, ba kaɗan ba, amma suna nan a ƙasa. Na sa an wanke maka shi babba. Na kuma aika wa Ingunn, sakatariyar ƙungiyarku, na sami adireshinta a bayan kwafin.

Ga hagunka nan. Ka goge maganar gicciye.

Taka,
Turid

*

Korsnes, 5 ga Fabrairu

Zuwa ga Turid,

Bayan gaisuwa, ina yi miki ta'aziyyar tsofaffin da kuka rasa, ina kuma yi miki sannu da jiki. Ki yi haƙuri da wannan rubutu, da alƙalamin zanen kwali nake yi, shi kaɗai nake iya bi.

Hoton ya iso. Na kai shi taga, na kunna duk fitilun gidan, na sa madubi a kan madubi. Ina ganin ruwa a gefe, ina ganin farin dutse a sama. Duk inda na kai idona don in dubi sirdin, hayaƙin nan ya riga ni isa. Na yi ƙoƙarin satar kallonsa ta wutsiyar ido, kamar yadda likita ta koya mini, sai in ga toka-toka kawai. Da ya zo kafin Kirsimeti, da na gani.

Na sa Jostein ya duba. Ya ce, "Baƙi ne da toka, kamar kowane ɓarawon herin." Na ce ya ƙirga layukan. Ya ce, "Uku, ko biyar, ko kuwa mage ce ta bi ta kai."

Ingunn ta kira ni. Ta ce ta gwada da tsohon hoton, sababbin tabo sun hau kan tsofaffi, a wajenta rabi da rabi ne. Dokarmu na buƙatar sa hannun ƙwararru biyu. Ta ce, "Kai ka san ta tana yawo, ni a takarda kawai na san ta. In ka ce ita ce, zan sa hannu ƙarƙashin naka." Ba ta san halin da idona ke ciki ba.

Yanzu zan yi miki tambayar da ta hana ni sukuni, ki gafarce ni tun kafin ki karanta. Na sa Jostein ya sake karanta mini takardarki ta Disamba, ya kai inda Rolf ya ce a juya hoto tsoho ya sami barci. Daga baya na gaya miki ina makancewa. Ke kuma aikinki ne ki sanyaya wa waɗanda suka kusa tafiya zuciya, na san kuma akan gaya musu abin da suke son ji. Hoton farko na mayar miki, ba ni da shi balle a jera su a gani. Turid, wannan sabon hoto ne, ko wancan ne aka juya? In tausayi ne ya sa, ba zan riƙe ki ba. Amma dole in sani.

Kawunki,
Hallvard

*

Skjervøy, 13 ga Fabrairu

Kawu,

Muna lafiya. Ba zan tsawaita gaisuwa ba, raina a ɓace yake.

E, ina yi wa tsofaffi ƙarya. Akwai wata a wajenmu da kullum ke tambayata yaushe mijinta zai dawo daga teku, mutumin da ya nutse tun kafin a haife ni, kullum ina ce mata gobe. Ban taɓa jin kunyar wannan ba. Amma kai ban yi maka ba. Yatsuna biyu har yanzu ba su gama dawowa daidai ba. Rolf da ya ji, fita ya yi ya bar abincinsa, mutumin da ko gobara ba ta raba shi da faranti.

Ga hoton Disamba na sake aiko maka, ya sha tafiya. Ka ba Jostein ya jera su. Na farko shuɗi ne dulum, don a lokacin ba mu da rana. A na biyu akwai rana a kan ƙanƙarar dutse da kan bayanta. Kwamfuta na juya hagu da dama, amma ba ta fito da rana a Disamba.

Yanzu ka saurare ni, tun da ni na karanta naka sau biyu. Ka sa hannu. Ingunn ta ce za ta bi ka, ba wanda zai tuhume ka, ba kuma ƙarya za ka yi ba, domin ita ce. Na ganta, na ji ɗumin numfashinta a fuskata. Ka ari idona, ai jini ɗaya ne.

Na so in ce ka hau jirgi ka zo ko numfashin ka ji. Amma mun fita ranar Laraba, mun zagaye ko'ina, babu ko ɗaya. Sun tafi. Masunta ma na cewa baɗi herin ba lalle ya shigo nan ba, wai can tsakiyar teku zai tsaya.

Kada ka kashe ta a takarda tana da rai, Kawu.

Turid

*

Korsnes, 26 ga Fabrairu

Zuwa ga Turid,

Bayan gaisuwa mai yawa gare ki da Rolf. Za ki ga rubutun ba nawa ba ne. Jostein ke rubutawa ina faɗa, na kuma sa ya yi alkawarin ba zai ƙara ko ya rage ba.

Ya jera hotunan biyu a kan tebur, ya ce, "Malam, wannan dare ne, wannan rana ce, ko jaririn da aka haifa jiya ya san haka." Na zarge ki da abin da ba ki yi ba. Ina roƙonki gafara, ina roƙon Rolf, ki gaya masa na ji labarin injin da ya lalace, na kuma san abin da ya bari saboda ni.

Na yi kwanaki ina juya maganarki. Na yarda hoton gaskiya ne. Na yarda kin ga abin da kika ce kin gani, kuma idan kika tambayi zuciyata, ita ce. Tsohuwar da nata suka ƙare, tana bin bayan baƙi tana tsintar abin da suka bari, ban ga wadda za ta zama ba sai ita. Amma sa hannu a kundin nan ma'anarsa ɗaya ce: na duba da idona, na gane. Wanda zai buɗe shi bayan ba ni, ba zai san cewa wannan sa hannun na zuciya ne, sauran na ido ba. Zai ɗauke su duka ɗaya. Akwai mutanen da na ƙi karɓar hotunansu a kan shakkar da ba ta kai wannan ba, suka tafi da ɓacin rai, wasunsu sun mutu. Ba zan iya auna musu da mudu ɗaya in auna wa kaina da wani ba. Na nemi in ari idonki kamar yadda kika ce, na ga ba a aron wannan.

Na kira Ingunn na gaya mata komai game da idona. Ta ce a ɗaga wa lamba goma sha bakwai shekara guda. Na ce dokar ba ta da wannan ƙofa, na sani domin ni na toshe ta. Na roƙi abu ɗaya kawai, a aje hotonki a ma'ajiyar ƙungiya da sunanki da kwanan wata, a rubuta "ba a tabbatar ba". Ta yarda.

Jiya takardar gyaran kundin ta zo. Na ce ni zan sa gicciyen, ba wani ba. Ban iya ganin layin lamba goma sha bakwai ba, sai da Jostein ya kama yatsana ya ɗora a wurin. Ya ce ya fito a ɗan karkace. Na bar shi haka.

Kada ki sake aiko hoto, babu mai dubawa a gidan nan. Na sa a cikin kunshin madubin hangen nesa na Dagny, ya fi nawa sauƙin riƙewa da safa. Idan herin ya dawo baɗi kika ganta, ta kowane gefe ne, ki rubuto ki gaya mini abin da take yi. Jostein zai karanta mini.

Allah ya saka miki da alheri. Ki riƙa sa safar hannu.

Kawunki,
Hallvard

Turid, ni ne Jostein, wannan nawa ne, bai san na ƙara ba. Yana cin abinci, kada ki damu, matata na kai masa. Amma kullum da safe sai na riƙe hannunsa na kai shi kan dutsen bayan gida, ya zauna ya fuskanci ruwa, ruwan da ko kifin miya babu a ciki. Yau gari ya yi tsit, sai ya damƙe min hannu ya ce, "Yi shiru! Ka ji?" Ba numfashin orka ba ne, igiyar ruwa ce ta shiga wani rami a ƙarƙashin dutsen ta fito, na san ramin tun ina yaro. Ya ce, "Jostein, ka ji ko ba ka ji ba?" Na ce na ji. Ni ban rubuta wata doka ba.